Kafin a sauka da yara cikin kwazazzabo: abin da ya kamata iyalai su sani game da yawon ƙafa a gandun daji

Idan makarantu suka yi hutu, ko aka shiga hidimar Sallah ko ta Kirsimeti, iyalai da dama a birnin Gombe sukan kwashi yara su fita buɗe ido. Wasu sukan tsaya a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wasu kuma su miƙa hanyar Bauchi zuwa Yankari. A cikin masu zuwa daji akwai waɗanda zama cikin mota ana kallon dabbobi ta taga ba ya gamsar da su. Suna son su taka da ƙafa, su hau dutse, su sauka kwazazzabo, yara su ga yadda ruwa ya sassaƙe dutse cikin dubban shekaru.

Wannan buri ne mai kyau, kuma yara sukan daɗe ba su manta da irin wannan tafiya ba. Sai dai kwazazzabo yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da dutse, wadda rashin saninta ya jawo asarar rayuka a ƙasashe da dama. Mai hawan dutse yana fara shan wahala tun da sauran ƙarfinsa, in ya gaji sai ya juyo ya gangaro. Mai shiga kwazazzabo kuwa da gangara yake farawa, jikinsa na gaya masa tafiyar ba wuya, sai rana ta take, ruwan sha ya ragu, ƙafafu sun yi nauyi, sannan hawan zai zo. Duk shirin da iyali za su yi, a kan wannan hawa na ƙarshe ya kamata su gina shi, kuma da ƙarfin ƙaramin cikinsu za su auna.

Ina ne kusa da Gombe?

Jihar Gombe, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996, ba ta da gandun daji na Tarayya a cikinta. Wanda ya fi kusa da mutanen birnin shi ne Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a watan Disambar 1962. A 1991 gwamnatin soja ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi, wadda ke riƙe da shi har yanzu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Mai tasowa daga Gombe zai bi hanyar Bauchi, ya wuce garin Alkaleri, ya karya kudu a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai fiye da kilomita 40 na tsantsar daji.

An fi sanin Yankari da giwaye da ɓauna da gwanki da gwaggon biri, da kuma maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi. Amma akwai wuraren da sai an sauka daga mota an taka: kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda P. J. Marshall ya gano a 1980; rijiyoyin Dukkey su 139; tsaunukan Kalban da Kariyo; da kwazazzabon Tonlong a yammacin gandun.

Gandun Tarayya na sosai mai tsaunuka da kwaruruwa a wannan yanki shi ne Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. An kafa shi a 1991, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa tsaunin Chappal Waddi yake, mafi tsayi a ƙasar, mai mita 2,419. Hedikwatarsa tana Serti, kuma daga Gombe tafiyar wuni guda ce ta Kaltungo da Numan da Jalingo da Bali. Hawan Chappal Waddi aikin kwanaki ne na manya masu juriya, ba na yara ba. Abin da ya dace da iyali a can shi ne gajerun hanyoyin da ke kusa da masauki.

A duka wuraren biyu baƙo ba ya shiga daji shi kaɗai. Sai da izinin hukumar wurin, tare da ɗan jagora ko jami'in gandun daji. Yanayin tsaro da na hanya kuma yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka tuntuɓar hukumar kafin a bar gida wajibi ne.

Me ya sa gangara take yaudara?

Wurin da aka fi tattara ilimi a kan wannan lamari shi ne Grand Canyon, a Jihar Arizona ta Amurka, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1919. Kogin Kolorado ne ya haƙa shi, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa a wasu wurare ya kai mita 1,800. Hukumar da ke kula da shi ta ce ana ceto fiye da mutum 250 daga cikinsa a kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu matasa ne majiya ƙarfi. Abin da ke kayar da su shi ne sun auna tafiyar da saurin saukarsu.

Ƙa'idar da hukumar take bai wa baƙi mai sauƙi ce: hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Wanda ya gangara na sa'a ɗaya, ya ware sa'o'i biyu na dawowa. Ma'ana, kashi ɗaya cikin uku na lokacin tafiya ne kawai na shiga, kashi biyu na fita ne. Hukumar tana kuma gargaɗin kada kowa ya yi yunƙurin sauka daga baki zuwa kogi ya dawo a rana ɗaya, kuma a lokacin zafi a guji tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma.

Kwazazzabai na Yankari da na tsaunukan kudancin Gombe ba su ko kusa da wannan zurfi, amma ƙa'idar ba ta canzawa. Wanda ya taɓa sauka matakalar da ke gangarawa daga masaukin Wikki zuwa bakin ruwa ya san haka a jikinsa: yara da gudu suke sauka, amma bayan sun yi sa'o'i suna wanka, wajen hawa sai an yi ta lallashi, wani ma sai an ɗauke shi. Idan 'yar wannan matakala ta yi haka, mai karatu ya kwatanta hawan da zai ci sa'o'i biyu, cikin rana, babu inuwa, kuma babu motar da za ta iya sauka ta ɗauko wanda ya gaza.

Zafin cikin kwari

Abu na biyu shi ne zafi. A ƙa'ida, iska tana ƙara ɗumi da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk mita 1,000 da aka sauka. Shi ya sa a Grand Canyon mutum zai bar baki cikin sanyin safiya ya tarar da ƙasan ya fi saman zafi da digiri 10 ko fiye. A ƙananan kwazazzabai irin namu wannan bambanci kaɗan ne, amma wasu abubuwa biyu suna maye gurbinsa. Iska ba ta kaɗawa tsakanin bangaye biyu na dutse, saboda haka zufa ba ta bushewa da sauri ta sanyaya jiki. Dutsen kuma yana shan rana ya riƙa mayar da zafin kan mai tafiya, ta ƙasa da ta gefe, kamar tanda.

A watan Agustan 2021 wani abin tausayi ya faru a dajin Sierra na Jihar Kalifoniya, kusa da gandun Yosemite. Wani magidanci da matarsa da 'yarsu mai shekara ɗaya da karensu sun fita yawon ƙafa da safe, lokacin da zafi bai wuce digiri 24 ba. Suka gangara zuwa kogin Merced. A ranar, zafi ya kai digiri 42 zuwa 43, hanyar fita kuwa hawa ce mai tsayi, wadda gobarar daji ta 2018 ta cinye bishiyoyinta. An tsinci gawarwakinsu a kan wannan hawa, kimanin kilomita biyu da rabi daga motarsu, da mazubin ruwa guda mai cin lita biyu da rabi, babu ko ɗigo a ciki. Bayan bincike na wata biyu, hukumomin yankin suka bayyana cewa tsananin zafi ne ya kashe su, tare da yiwuwar ƙarewar ruwan jiki. Mutane ne da suka saba yawon daji, kuma hanyar ba ta da nisa da gidansu.

Digiri 42 ba baƙon abu ba ne ga mutumin Arewa maso Gabas a watannin Maris da Afrilu. Bambancin shi ne a gida akwai inuwa da randa, a kwazazzabo kuwa abin da mutum ya ɗauko a bayansa shi ne kawai abin da yake da shi.

Yaro ba ƙaramin babba ba ne

Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, domin fatarsa tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, kuma kansa ya fi kusa da ƙasa mai zafi. Takunsa gajere ne, inda uba zai yi taku biyu shi sai ya yi uku ko huɗu. Wasa yakan ɗauke masa hankali ya manta da ƙishirwa har sai ta yi masa yawa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. A gidaje da yawa an koya wa yaro kunya da kawaici a gaban mahaifinsa, namiji kuma ana zuga shi da jarumta. Irin wannan yaro zai iya jin jiri da ciwon kai ya yi shiru, don kada a ce ya cika raki, ko 'yan'uwa su yi masa dariya. Saboda haka tambayar “ka gaji?” ba ta isa ba, domin amsarta a kullum “a'a, Baba” ce. Iyaye su lura da abin da jiki ke nunawa: yaro mai surutu ya yi tsit, ya fara tuntuɓe, ya ƙi cin abin da yake so, leɓɓansa sun bushe, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, ko fitsarin ya yi duhu.

Jaririn da ke goye ya fi kowa shiga haɗari. Zafin jikin uwa yana dukansa ta ciki, rana na dukansa ta waje, ga zani da mayafi a kansa. Shirunsa a baya ba lallai barci ba ne. Doguwar tafiya mai hawa cikin rana ba ta dace da jariri ba ko kaɗan, gara uwa ta zauna da shi a masauki.

Alamun galabaita su ne zufa mai yawa, kasala, ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka. Da an ga ɗaya, a tsaya nan take, a nemi inuwa ko a yi ta da zani, a sassauta tufafi, a jiƙa kai da wuya da hammata, a yi fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuwa yaro ya rikice, ya fara sambatu, ya kasa tsayuwa, ya yi jijjiga ko ya suma, to zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma rai na iya salwanta cikin ɗan lokaci. A sanyaya shi da duk ruwan da ake da shi, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya.

Lissafin ruwa da guzuri

Ruwa yana da nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wannan ne ke sa mutane rage shi, kuma a nan kuskure yake farawa. A yanayin zafi, babba mai tafiya yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace sa'a. A ɗauki iyali mai mutum shida, miji da mata da yara huɗu, da za su yi tafiyar sa'o'i uku. Ko da rabin lita aka ware wa kowa a sa'a, lita tara ke nan, wato ledar fiya wata 18, kusan jaka guda. Wannan na sha ne kawai, ban da na jiƙa jikin wanda ya galabaita, ban da na ko-ta-kwana idan tafiyar ta zarce yadda aka tsara. Iyalin da suka ga ba za su iya ɗaukar wannan nauyi su hau da shi ba, sai su rage tsawon tafiyar, kada su rage ruwan.

Kowane yaro da ya yi wayo a ba shi gorarsa, a riƙa tsayawa ana shan ruwa tare duk bayan minti 15 ko 20. Ruwan rafi ko na kududdufi ba abin dogaro ba ne, ko da ya yi garau. Kuma akwai ƙa'ida ta biyu bayan ta lokaci: tunda hawa ya fi cin ruwa, da an sha kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ɗauko, a juya, ko an isa inda aka nufa ko ba a isa ba.

Ruwa kaɗai kuma bai wadatar ba. Zufa tana fitar da gishirin jiki, kuma wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa bai ci komai ba, gishirin jininsa yana iya raguwa har ya jawo ciwon kai da amai da rikicewa, alamun da suka yi kama da na galabaita. Maganin wannan yana cikin guzurin da muka saba da shi: gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, tare da dabino da lemo. A saka ƙunshin gishiri da sukari na kemis a jaka. In babu, ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai azumi kuma ya jinkirta irin wannan tafiya zuwa bayan Sallah.

Ruwan da ke zuwa ba a ga hadari ba

Mutanen Gombe ba sa buƙatar dogon bayani a kan yadda busasshen kwari ke zama kogi. Birnin yana zaune ne a ƙasan tudun Akko, kuma duk ruwan da ya sauka a saman tudun ta cikin unguwanni yake bi, ta kwazazzabai irin wanda ke kusa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da wanda ke kusa da Jami'ar Jihar Gombe, waɗanda aka kashe maƙudan kuɗi wajen gyara su. Wurin da yara ke wasa da yashi da safe, kafin la'asar yana iya cin gida.

Haka kwazazzabon daji yake, har ma ya fi, domin mai tafiya a ciki ba ya ganin sararin sama sai ɗan tsiririn da ke bisa kansa. Ana iya tafka ruwa a tudu mai nisan kilomita da yawa, shi yana cikin rana, sai kawai ruwan ya iso masa da laka da itatuwa da duwatsu. A gandun Hell's Gate da ke kusa da Naibasha a Kenya, ranar 1 ga Satumban 2019, irin wannan ruwa ya kashe mutum bakwai a cikin kwazazzabo, masu yawon buɗe ido shida da ɗan jagoransu. Mutum bakwai ne kuma suka mutu a wurin a 2012. A kwazazzabon Raganello da ke gandun Pollino a kudancin Italiya, mutum 10 suka rasu a watan Agustan 2018. A gandun Zion na Amurka, mutum bakwai a watan Satumban 2015.

Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babba, balle yaro. Alamun zuwansa su ne ruwan rafi ya fara yin ja ko ya ƙaru, ganye da karare su fara zuwa, ko a ji ƙugi daga sama kamar na babbar mota. A wannan lokaci ba a gudu a bi kwarin, domin ruwan ya fi kowa sauri. A yar da kaya, a kama yara, a hau gefe zuwa wuri mafi tudu. Abin da ya fi duka shi ne daga faɗuwar damina har ƙarshenta, kada a shiga ƙunƙuntaccen kwari da yara.

Gefen dutse, maciji da dabbobi

Duwatsun wannan yanki yawanci na yashi ne, har masana ilimin ƙasa sun sanya wa wasu shimfiɗunsa sunayen Bima da Gombe. Taushinsa ne ya sa mutanen da suka iya sassaƙa ɗakuna a jikinsa, kuma taushin ne ke sa bakinsa ya rufta da wanda ya tsaya a kai. Wajen ɗaukar hoto ne aka fi mantawa da wannan. A tafi a jere: ɗan jagora a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya, kuma kada wani yaro ya ɓace wa ganin babba. A inda hanya ta yi ƙunci, yaro ya bi ɓangaren bango, babba ya bi ɓangaren rami.

Silifas da takalmi mai santsi ba na wannan tafiya ba ne. Kowa ya sa kambas da safa da dogon wando, da hula mai baki ko malfa. 'Yan mata su sa hijabin da bai kai ƙasa ba, domin dogo yana harɗe ƙafa wajen hawa, yana kuma hana ganin inda za a taka.

Rufaffen takalmi kariya ne kuma daga maciji. Kudancin Gombe yana cikin wuraren da aka fi samun kububuwa a Najeriya, wadda wasu ke kira “gobe da nisa”, shi ya sa aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana kuma fakewa a ƙarƙashin duwatsu. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma wanda ta sara yana iya ganin kamar lafiyarsa ƙalau na wasu sa'o'i kafin jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Ga yaro abin ya fi muni saboda ƙanƙantar jikinsa. A hana yara zura hannu cikin rami ko ɗaga dutse. Idan tsautsayi ya afku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi ba tare da an tsaya gwada na gargajiya ba.

A masaukin Wikki, birai sun saba da mutane har suna fizge abinci daga hannu, don haka kada a bar yaro yana yawo da leda. Ruwan Wikki kuma, duk da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, zurfinsa ya kusa mita biyu a wasu wurare. Yaron da ya dawo daga tafiya a gajiye kada ya shiga sai da babba a kusa da shi.

Wane hutu ya fi dacewa?

Makarantu suna yin manyan hutu uku a shekara, kuma ba ɗaya suke ba ga mai wannan niyya. Dogon hutu na Yuli zuwa Satumba ya faɗa tsakiyar damina, lokacin ambaliya da santsi da doguwar ciyawa da lalacewar hanya. Hutun Afrilu ya faɗa tsakiyar bazara. A lokacin ne aka fi ganin dabbobi a Yankari, domin ƙishirwa tana tara su a bakin kogin Gaji, amma shi ne mafi haɗari ga yaro mai tafiya a ƙasa. Wanda ya je a Afrilu ya tsaya ga kallo daga mota da wanka a Wikki. Hutun Disamba, cikin hunturu, shi ne na yawon ƙafa: ƙasa ta bushe, safiya da sanyi. Sai dai busasshiyar iskar hunturu tana shanye ruwan jiki ba tare da an ga zufa ba, ƙurarta kuma tana tayar da asma, don haka mai ita ya riƙe maganinsa.

Kafin a je nesa, yana da kyau a gwada yara a kusa: Dutsen Bima da ke yankin Dadin Kowa, ko Dutsen Kilang da tudun Tula a ƙasar Kaltungo. Waɗannan ba gandayen daji ba ne, ƙasar al'umma ce, saboda haka a fara gaida mai unguwa ko dagaci, a nemi ɗan gari ya yi jagora. 'Yar tafiyar sa'a ɗaya a irin waɗannan wurare za ta nuna wa iyaye wane yaro ne ke saurin gajiya, wane takalmi ne ke cizo, da yawan ruwan da gidan ke sha.

Sa'ar juyawa

A ranar tafiya, a tashi da an idar da sallar Asuba gari ya waye. Idan an fara sauka da ƙarfe 6:30, a juya da 7:30, a fito da 9:30, kafin rana ta yi ƙarfi. A bar wa wani a masauki bayanin inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa, domin waya ba ta cika samun sabis a cikin kwari ba, kuma lambar gaggawa ta 112 ba ta da amfani inda babu sabis. A tambayi ɗan jagora tun kafin a tashi: sa'a nawa ce hawan ga mai ƙaramin yaro, ina ne inuwa, ina ne mota take iya isowa, wane asibiti ne mafi kusa. Duk ledar da aka shiga da ita kuma a fito da ita.

Ita sa'ar juyawa, a gida ake yanke ta, a gaya wa kowa, har yara. Dalili kuwa shi ne a cikin kwari kowa yana da hujjar ƙara gaba: uba ya tuna kuɗin mai da na masauki, manyan yara suna son ganin abin da ke bayan kwana, ɗan jagora ya ce saura kaɗan. “Saura kaɗan” na mutumin da ya girma a daji yana iya zama rabin sa'a, wadda za ta koma sa'a guda wajen hawa. Idan agogo ya cika, ko ruwa ya kai kashin da aka ɗiba, ko yaro ɗaya ya nuna alamar gazawa, duk wanda ya fara zuwa a cikin ukun, sai a juya gaba ɗaya, ba tare da an raba ayari ko an zargi yaron ba. Abin da ba a gani ba a wannan karo, ana iya dawowa a gan shi a hunturu mai zuwa, lokacin da ƙaramin ya ƙara shekara guda.